Fuskar kawuna ta koma ruwan laka: ina neman gyara a kan zanen fentin mai

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana masu zane. Na ɗora hoton wani aiki da na shafe mako uku ina fama da shi, kuma ina roƙon ku dube shi da idon gyara, kada ku ji nauyina. Zanen kawuna ne, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, yana zaune a gefen taga, ya ɗora hannayensa biyu a kan sandarsa, haske yana shigowa ta hagunsa. Faɗin kanbas ɗin, wato ƙyallen da nake zanen a kai, santimita 60 ne, tsawonsa 80, kuma wannan ne karo na uku da na zana mutum da fentin mai, domin a da da gawayi da fensir nake aiki. Sau ɗaya kawai ya zauna mini, na kusan awa guda, da ya gaji sai na ɗauke shi hoto da waya, na ci gaba da aiki daga hoton.

Fuskar ce ta hana ni barci. Kamannin sun fito, domin duk wanda ya san shi yana gane shi da kallo ɗaya, amma fatar ba ta da rai: inda haske ya sauka ya yi fari-fari kamar an goga alli, inda inuwa take ya koma ruwan laka, ga kuma wasu wurare da suka dushe bayan sun bushe alhali na kusa da su suna ƙyalli. Launukan da ke kan allona su ne farin titaniyam, amba ƙonanniya (launin ƙasa-ƙasa mai duhu), rawayar oka, jan kadmiyam, shuɗin altramarin da baƙin ƙashi. Idan ina son haske sai in ƙara fari a cikin ambar, idan ina son duhu sai in ƙara baƙi. Wane launi na rasa da zai ba fatar rai? Sannan idan na shafa banish yanzu, wato ruwan kariya mai ƙyalli da ake shafawa a kan zanen da aka gama, dushewar za ta tafi?

Mai Gawayi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda ka ce kada a ji nauyinka, zan faɗa maka kai tsaye cewa ba launi ka rasa ba, kuma ko ka sayo ƙarin kala goma fuskar nan haka za ta zauna. Ɗauki hoton zanen, ka mayar da shi baƙi da fari a wayarka, ka dube shi daga nesa ido a kanne. Ni na yi haka da hoton da ka ɗora, abin da na gani shi ne kuncin da ke cikin inuwa da kuncin da ke cikin haske sun kusa zama nauyi ɗaya, wato duhunsu ya kusa zama daidai, sai ɗigon fari a goshi da kan hanci da suka yi tsalle su kaɗai. Kuskuren shi ne ka shiga cikin inuwa kana haskaka ta don ka nuna kowane tamoji, ka dawo cikin haske kana duhunta shi don ka nuna tabon fata, har ɓangarorin biyu suka haɗu a tsakiya. Wannan haɗuwar ita ce lakar da kake gani. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce, wuri mafi haske a cikin inuwa dole ya fi wuri mafi duhu a cikin haske duhu. Idan ka tsare wannan iyaka, kai zai fito da kewayensa ko da kala ɗaya ka yi aikin.

Laifin ba naka ba ne kai kaɗai, wayar ma tana da kaso. Kyamarar waya tana ɗaga inuwa da kanta don kada wani wuri ya ɓace a duhu, saboda haka hoton da kake kwaikwayo ya riga ya baje hasken tun kafin ka taɓa buroshi.

Wayar ta yi maka wata ɓarnar da ba ka ambata ba, wato hannayen. Tsawon tafin hannu daga wuyansa zuwa ƙarshen ɗan yatsan tsakiya yakan yi daidai da tazarar haɓa zuwa inda gashin goshi ya fara, amma a zanenka hannun ya zarce haka sosai. Ina jin kusa ka tsaya lokacin da ka ɗauki hoton. Idan fuskar tana nisan mita ɗaya da kyamara, hannayen da ke kan sanda kuma suna santimita 70, za su fito da girman da ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari. Da ka ja baya zuwa mita uku, bambancin bai wuce kashi 11 ba. Sa zanen gaban madubi ka gani, shawara ce da Leonardo da Vinci ya bayar tun ƙarni biyar da suka wuce, domin idon da ya saba da kuskure ba ya ganinsa sai an juya masa shi.

Tsohuwar Ɗaliba ta amsa:

Malam Mai Gawayi ya yi gaskiya a kan haske da inuwa, amma ban yarda da shi ba da ya wanke launi gaba ɗaya, domin yadda ɗan'uwanmu ya ce yana haɗa fenti ya isa ya kashe kowace fata. Fari ba haske kaɗai yake ƙarawa ba, yana sanyaya launi, yana kuma shanye ƙarfinsa, titaniyam kuwa ya fi kowane fari wannan hali saboda yana rufe duk abin da aka cakuɗa da shi. Amba da titaniyam, sakamakonsu ruwan toka ne mai ɗan ja-ja, wanda shi ne allin da kake kuka da shi. Idan za ka hau daga tsaka-tsaki zuwa haske, fara hawa da rawayar oka da ɗigon jan kadmiyam, fari ya zo a ƙarshe, kaɗan-kaɗan. Idan za ka sauka zuwa inuwa, ajiye baƙin nan, ka haɗa amba da altramarin, ka karkata zuwa ja inda jini yake kusa da fata, kamar kunne da gefen hanci da gaɓoɓin yatsu. Inuwar ta zama siririya, har ana hango abin da ke ƙarƙashinta, kaurin fenti kuma a bar shi ga wuraren haske. Haka Rembrandt, shahararren mai zanen Holan, ya riƙa yi, kuma dalilin ke nan da goshin tsofaffinsa yake kamar ka taɓa shi.

Akwai wani abu da ya shafi fata mai duhu musamman, wanda ni kaina na daɗe ban gane ba. Ƙyallin da ke kan goshin kawunka da kan hancinsa ba launin fatarsa ba ne da aka haskaka, launin tagar ne fatar take mayarwa kamar madubi. Idan hasken sararin sama ne yake shigowa, ƙyallin zai yi sanyi, ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi ko ruwan toka mai shunayya, alhali fatar da ke kewaye da shi tana da ɗumi. Wannan karo tsakanin sanyi da ɗumi shi ne rayuwar da kake nema. Ka nemi zanen Juan de Pareja da Velázquez, mai zanen Sifen, ya yi a Roma a 1650, wanda yanzu yake gidan tarihin Metropolitan a New York, ka ƙure masa ido. Pareja mataimakinsa ne, bawa a lokacin, daga baya ya sami 'yanci ya zama mai zane da kansa. Ka lura cewa wuri mafi fari a zanen kwalar rigarsa ce, kuma kusan dukan fuskar tana ƙasa da wannan farin da nisa, amma ba wanda zai ce fuskar ba ta cikin haske. Kai kuwa goshin kawunka ya yi fari ɗaya da hularsa.

Batun ƙarin kala, na goyi bayan Malam. Anders Zorn na Suwidin, wanda ya rasu a 1920, ya shahara da zana mutane da launi huɗu: fari, rawayar oka, ja da baƙi. Kai shida gare ka.

A kan hannayen ne muka rabu da shi. Lissafinsa daidai ne, ban musa ba, amma ni hannayen nan su ne abin da ya fi tsayar da ni a zanen. Yadda yatsun hannun dama suka lanƙwashe a kan na hagu, da jijiyar da ta taso ta bi bayan hannu ta ɓace a ƙarƙashin hannun riga, nan ne kaɗai na ga ka saki jikinka, ka aza fenti sau ɗaya ka bar shi. Ina zaton a zaman da ya yi maka ka zana su. Dattijon da ya yi aiki da hannunsa shekara da shekaru, idan hannun ya ɗan rinjayi fuska, ba lallai ne a kira shi kuskure ba. Sharaɗin kawai shi ne ka san ka yi, ka kuma zaɓi barinsa.

Bawan Launi ya amsa:

Ni zan tsaya ga tambayarka ta biyu, tunda an wuce ta. Kada ka kusanci banish yanzu. Fentin mai ba ya bushewa kamar ruwa, man linsid ɗin da aka kwaɓa fentin da shi iskar oksijin yake sha a hankali har ya daskare, saboda haka samansa yakan bushe ga taɓawa cikin 'yan kwanaki alhali cikinsa yana ci gaba da aiki na watanni. Abin da aka saba shi ne a jira aƙalla wata shida kafin banish na ƙarshe, idan fentin ya yi kauri kuma har shekara. Bayan haka ma, ba ka gama zanen ba, kuma ba a ɗora sabon fenti a kan banish.

Dushewar da ka gani nutsewar mai ce: shimfiɗar ƙasa ta tsotse man ta sama, ta bar garin launin a bushe. Amba ta fi kowa wannan hali, tana da manganis a cikinta wanda yake sa ta bushe cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma idan ka tsinka ta da tafentin, ruwan tsinka fenti, da yawa abin ya ƙaru. Maganinta shi ne, idan wurin ya bushe sarai, ka ɗan jiƙa tsumma mai laushi da man linsid, ka goga a wurin da za ka yi aiki ranar kaɗai, sannan ka share har ya zama kamar babu komai. Duhun zai dawo, ka ga ainihin nauyinsa kafin ka ɗora wani abu kusa da shi. Kada ka malale kanbas ɗin duka da mai, domin man da ya yi yawa yana komawa rawaya da tsufa. Kuma ka kiyaye tsari: shimfiɗar farko mai ƙarancin mai, kowace ta sama ta ɗan fi ta ƙasa mai. Idan ka juya tsarin, ta sama za ta bushe ta ƙame kafin ta ƙasa ta gama motsi, ƙarshenta tsagewa.

Sabon Hannu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na yi gwajin baƙi da fari, kuma sai da na ji kunya, domin fuskar ta zama kamar faifai, idanu da hanci kawai ke shawagi a kai. Na kuma auna hannun da buroshi, ya kai daga haɓa har tsakiyar hula. Malama ta canka daidai, hannayen a gabansa na zana su, amma da na koma aiki da hoto sai na ga sun yi ƙanƙanta a kan na hoton, na faɗaɗa gefensu. Ke nan tsakiyarsu na ido ne, girmansu na waya. Na yanke shawarar rage su kaɗan ta hanyar shigo da launin rigar a kan gefen da na ƙara, ba tare da na taɓa yatsun da jijiyar ba. Kawu ya yarda zai sake zama mini sau biyu, rabin awa kowane zama. Abin da ya rage mini shi ne, fuskar in kankare ta ne, ko in rufe ta da sabon fenti?

Mai Gawayi ya amsa:

Da fentin ɗanye ne da na ce ka sa wuƙar fenti ka kwashe, kamar yadda John Singer Sargent, mai zane ɗan Amurka, ya riƙa kwashe fuska ya sake ta daga farko idan ba ta yi masa ba, amma naka ya bushe, wuƙa za ta iya raunata kanbas ɗin. Ka bi tudun farin da ke goshi da hanci a hankali da takardar yashi mai laushi wadda ka ɗan jiƙa, don kada ka shaƙi ƙurar, tunda akwai kadmiyam a ciki, ka share, ka bar shi ya bushe, sannan ka yi gogen man da Bawan Launi ya kwatanta. Kafin kawu ya zauna, haɗa tuli uku kawai a kan allo: na haske, na tsaka-tsaki, na inuwa. Zaman farko duka ka kashe shi wajen raba fuskar gida biyu da babban buroshi, kada ka zana ido, kada ka zana tamoji ko ɗaya. Tsaya nesa da shi kamar taku uku, ka rufe duk wata taga ban da ta hagun. Ƙyallin goshin da Malama ta yi bayani ka bar shi sai mintunan ƙarshe na zama na biyu. A kan hannayen kuwa na sauko, rage gefen kawai ya isa. Ka ɗora mana hoton bayan zaman farko, tun fuskar ba ta da idanu, domin a wannan matakin nake son ganinta.