Muryata tana ƙin fita in na zo ba da labarin jinyata

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min da shawara. Shekara 2 kenan da na samu sauƙin ciwon damuwa, har yanzu ina zuwa ganin likita a Yaba ina shan maganina, alhamdulillah. An ce in yi magana gaban matan unguwarmu a Agege ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, kuma wallahi ina so, don da yawansu har yanzu aljanu suke cewa ko sammu.

Matsalar ita ce na gwada sau biyu a ƙaramin zama, farko lafiya lau nake tafiya amma da na iso wajen watannin da na kulle kaina a ɗaki ko wanka ba na iya yi sai maƙogwaro ya bushe, hannu na rawa har takardar tana ƙara, numfashi sama-sama. Na yi gwaji gaban madubi, na ɗauki muryata a waya, na rubuta komai na haddace, a gida tsaf yake fita. Karo na biyu wata baba ta ce "yarinya ashe hauka kika yi?" sai kawai hawaye, na zauna ban ƙarasa ba.

Ba na so in cire wajen, shi ne ainihin abin da zai taɓa su.

Ku da kuka taɓa tsayawa gaban jama'a da irin wannan labarin, yaya kuke wuce wajen da ya fi ciwo muryarku ba ta karye ba?