Wai sunayen motocin nan masu tsada, daga fina-finai ake kwaso su ne?

Ɗan Fagge:

Salam 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya ga masana mota na gidan nan. Jiya da daddare an ɗauke wuta, ni da ƙanena muna zaune a tsakar gida a kan tabarma muna kallon bidiyon Bugatti Chiron a YouTube, wanda aka nuna allurar gudu tana ta hawa har ta wuce 400 direban ko motsi ba ya yi, sai na gangara wajen sharhi na ga wani ya rubuta wai sunan Chiron daga tatsuniyar Girkawa aka samo shi, wata halitta ce rabinta mutum rabinta doki. Ƙanena ya ce ai haka ne ya taɓa gani a fim. Daga nan fa musu ya kaure, ya ce har Aston Martin Valkyrie ma sunan wata jaruma ce a fim ɗin Thor, kamfanin ne ya ara, kuma alamar Maserati mashin nan ne mai baki uku da sarkin ruwa yake riƙewa a fina-finai. Ni dai raina bai kwanta ba. To wai wa ya kwaikwayi wani, masu mota ne ke ɗauka a wajen masu fim ko kuwa dukkansu rijiya ɗaya suke ɗiba? Wanda ya sani ya warware mana dan Allah, don har da safen nan ba mu gama ba.

Malam Na-Zariya:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙanen naka ya ci rabi ya faɗi rabi.

Chiron na tatsuniya akwai shi, Girkawan da suna ba da labarinsa a matsayin mai hikima da sanin magani, shi ne ma suka ce ya rene jarumi Achilles. Amma Bugatti ba shi suke nufi ba. Mutum ne na gaske, Louis Chiron, direban tsere ɗan Monako, shi ya ci gasar garinsu a 1931 kuma a cikin Bugatti ya ci ta. Al'adar kamfanin ce sa wa mota sunan tsofaffin direbobinsu, ka ga Veyron da ta fito a 2005 sunan Pierre Veyron ne wanda ya ci tseren awa 24 na Le Mans a 1939, Divo kuma Albert Divo. Don haka mai sharhin nan sunan kawai ya gani ya haɗa.

Valkyrie kuwa tatsuniya ce tabbas, sai dai ta girmi fim ɗin da ɗaruruwan shekaru. Mutanen arewacin Turai na da, wajen su Nowe da Suwidin da Aisland, sun yi imani da wasu mata da ke sauka filin daga su zaɓi jaruman da suka mutu su kai su wani babban zaure na Odin, babban abin bautarsu, da ake kira Valhalla. Aston Martin ai har Valhallan ma sun yi mota da sunanta, kuma suna da Vulcan, shi kuma a wajen Rumawa abin bautarsu ne na wuta da ƙira. Suna son sunan da ya fara da V ne tun zamanin Vantage. Kamfanin Marvel masu fim ɗin Thor su ma can suka ɗebo, Thor ɗinsu a 1962 ya fara fitowa a littafin zane, alhali sunan Thor ɗin yana nan a bakin Turawa tun tuni, shi ne a cikin sunan ranar Alhamis da Turanci.

Har kiɗa ma ya riga fim. Wani Bajamushe, Richard Wagner, ya yi wasan waƙa a kan waɗannan matan, an fara nuna shi a Munich a 1870. In ka taɓa kallon fim ɗin yaƙin Biyetnam na 1979 inda jiragen sama masu saukar ungulu suka taso a jere ta kan teku suna sakin kiɗa ta lasifika, to wannan kiɗan ne. Na san ka taɓa jin sa ko ba ka san sunansa ba, masu haɗa bidiyon mota suna yawan sa shi.

Oga Bakanike:

Malam Allah ya ƙara sani. Ni ba ɗan boko ba ne sosai amma shekarata ashirin da wani abu hannuna cikin baƙin mai, kuma abin da ya fi burge ni a labaran nan shi ne na Lamborghini don shi mutumin namu ne, mai sifana. Ferruccio Lamborghini tarakta yake ƙerawa bayan yaƙin duniya na biyu, da ragowar kayan motocin soja ya fara, sai da ya yi kuɗi ya sayi Ferrari, kuma labarin da ake bayarwa shi ne kulocin motar ya yi ta ba shi matsala ya je ya yi ƙorafi ba a saurare shi ba, shi ne ya ce to bari ya yi tasa, a 1963 ya buɗe kamfani a Sant'Agata kusa da Bolonya. Har yau akwai tarakta mai sunan Lamborghini a gonakin Turai.

Shi ba ruwansa da gumaka, bijimai yake so. Dubi alamar ai, sa ne ya sunkuyar da kai zai yi tunkuyi. Miura ta 1966 sunan gidan wasu masu kiwon bijiman faɗa ne a wajen Sebiya ta Sifen, Aventador sunan wani sa ne da ya yi faɗa a Saragosa a 1993, Murcielago ma sa ne na 1879 da ake cewa ya sha sara bai faɗi ba har 'yan kallo suka roƙa a bar shi da rai. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan ƙaho lokacin da mahauta suka fito da bijimi igiya a wuya igiya a ƙafa yana huci yana tonon ƙasa, ya san dalilin da zai sa mutum ya sa wa injin mai fulogi 12 irin wannan suna.

Ga wanda ƙanenka zai so. Murcielago da Sifananci jemage ke nan, shi ya sa a fina-finan Batman na 2005 da 2008 ita aka ba attajirin yake hawa in bai sa kayan jemagen ba. Nan kam masu fim ne suka zo wajen masu mota.

Sau ɗaya na taɓa ganin Lamborghini ido da ido, a Abuja, an sauke ta daga bayan babbar mota. Na durƙusa na leƙa ƙasanta, wallahi tafin hannuna a tsaye da ƙyar zai shige tsakaninta da kwalta. Na daɗe a tsugune ina kallon birkin nan, faifan kusan faɗin tiren shayi.

Ɗan Agadas:

Gaisuwa daga Nijar. Maganar mashi mai baki uku gaskiya ce, amma ba daga fim ba. A tsakiyar birnin Bolonya akwai wani tsohon mutum-mutumi na Neptune, sarkin teku a wajen Rumawa, yana riƙe da mashin, a garin ne 'yan gidan Maserati suka buɗe garejinsu a 1914, ɗan'uwansu Mario wanda shi mai zane ne ya kwaikwayo mashin ya zama alamarsu.

Amma ni abin da ya fi taɓa ni sunayen iska ne, don mu nan iska ba labari ba ce. Maserati Ghibli, wannan kalmar ta Libiya ce, iskar nan mai zafi da ƙura da ke tasowa daga Sahara ta nufi bakin teku, Italiyawa sun ɗauko ta lokacin da suka mulki ƙasar, kuma asalinta ɗaya da kalmar alƙibla da muke faɗa kullum. Direbobinmu da suka yi hanyar Dirku zuwa Sabha sun san ta, in ta taso sai dai a tsaya a naɗe fuska da rawani a juya wa iska baya, yashi har cikin haƙora. Maserati suna da Khamsin kuma, hamsin ɗin nan dai da ka sani, iskar Masar da ake cewa tana kaɗawa cikin kwana hamsin na bazara. Kamfanin zanen katun na Japan ɗin nan ma Ghibli sunansa, su daga sunan wani jirgin saman Italiya suka samo. Ko Passat da ta cika garuruwanmu sunan iska ce da Jamusanci.

Pagani ya haɗa biyun. Horacio Pagani ɗan Ajantina ne, ya yi aiki a Lamborghini kafin ya buɗe nasa, motarsa ta farko Zonda iskar da ke gangarowa daga duwatsun Andes ce, ta biyun Huayra ta 2011 daga Huayra-tata, abin da mutanen duwatsun suke kira uban iska.

Maman Ihsan:

Sannunku da ƙoƙari, na ƙaru wallahi. Ni abin da zan ce wa Ɗan Fagge shi ne ba sharhin ƙasan bidiyo kaɗai ba, bidiyon kansa ma a riƙa sa masa ido. Yarona na fari ya haukace a kan motocin nan, tare muke kallo, da haka na san labarin SSC Tuatara. A watan Oktoba 2020 kamfanin na Amurka ya saki bidiyo wai motarsu ta yi matsakaicin gudun kilomita 508 a awa a wani titi a Nevada, duniya ta ɗauka, jaridu suka buga. Sai wasu masu tashoshin mota a YouTube suka zauna suka auna tazarar da ke tsakanin mahaɗun titin a taswira, suka ƙirga daƙiƙun da motar ta ɗauka a bidiyon, suka kwatanta da na Koenigsegg Agera RS da ta yi 447 a wannan titin dai a 2017, lissafi ya ƙi fita. Da aka sake gwadawa a Janairu 2021 a Fulorida 455 ta yi, daga baya kamfanin da kansa ya amsa cewa ba su kai abin da suka faɗa da farko ba. 455 ɗin ma ai ba wasa ba ne, abin da ya ba ni haushi shi ne yaron nan ya yi wata guda yana faɗa wa abokansa 508 da dukkan zuciyarsa. Tuatara kuma wani ƙadangare-ƙadangare ne na New Zealand, ba gunki ba.

Ita Chiron da kuka kalla, wadda aka yi wa gyara na musamman ta taɓa 490 a 2019 a filin gwajin Volkswagen a Jamus, amma zuwa kawai ta yi ba ta dawo ba, su kuwa masu rajistar tarihi sai an je an dawo an raba biyu saboda iska da gangara.

Sai jar motar nan da ta yi tsalle daga bene zuwa bene a Abu Dhabi a Fast and Furious na 7, Lykan sunanta, ta kamfanin W Motors da aka kafa a Labanan ya koma Dubai. Sunan daga tatsuniyar mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci ne, ƙanwarta Fenyr kuma daga ƙaton kyarkecin tatsuniyar su Odin ɗin da Malam ya ambata. Guda 7 kacal aka ce za a ƙera na sayarwa, waɗanda aka farfasa a fim ɗin na kwaikwayo ne aka yi don aikin.

Ɗan Fagge:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa ƙanena duka, ya yarda da na Chiron amma ya ce a rubuta masa maki a kan mashin Maserati. Oga, labarin taraktan nan ya tsaya min a rai, gobe zan nemi bidiyonta. Malam saura ɗaya, maƙwabcinmu yana da tsohuwar Mazda 323 da yake kai yara makaranta, yanzu ƙanen nawa ya ce wai ita ma sunan abin bauta ne, haka ne?

Malam Na-Zariya:

Wannan karon ya faɗi daidai. Kamfanin da kansa ya ce daga Ahura Mazda ne, sunan da mabiya addinin Zartusht na tsohuwar Farisa suke kiran abin bautarsu, sannan kuma ya yi kama da sunan tsohon shugaban kamfanin a Hiroshima, Jujiro Matsuda, wanda in Bajapane ya furta shi kusan Mazda ɗin kake ji. Ka ba shi makinsa biyu.