Auta zai taka keke daga Legas zuwa Akra, wai shi kaɗai da tanti

Auta: Assalamu alaikum 'yan gida. Tunda Yaya ya riga ya fasa ƙwai, bari in faɗa da bakina. Hutun Disamba in Allah ya yarda zan ɗora kekena a mota zuwa Legas, daga can in taka ta bakin teku: Badagiri, Seme, Kwatano, Lome, har Akra. Wajen kilomita 460 ne. Kwana 7, ni kaɗai, tanti a kariya. Kuma ina nan kan bakana, tafiyar ba ta da wata wahala. A rana ko kilomita 70 ba zan cika ba, bai kai daga Kwangila ta Zariya zuwa Kaduna ba, hanyar kuma ba hawa ba gangara.

Yaya Babba: Ni ban fasa komai ba. Tanti na gani a kafe tsakar gida da rana tsaka, na tambaya ko suna za a yi. Kai da ka je Giwa a keke ka dawo kana tafiya kamar agwagwa.

Auta: Sirdin ne bai da kyau, na canza shi.

Kawu: Auta, lissafinka na takarda daidai ne. Amma na yi shekaru ina ɗauko motoci daga Kwatano, hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina. Ka ce ba hawa. Iska ce hawanka. A gaɓar can yawanci daga kudu maso yamma take kaɗawa, kai kuma yamma ka nufa, a ƙirji za ta riƙa dukanka. Kuma iskar gishiri gare ta, in ba ka goge sarƙa ka sa mai kullum ba, kafin Lome ta yi ja da tsatsa. Ban ma yi maganar fita daga Legas tsakanin tireloli ba, da shingayen da ke tsakanin Badagiri da Seme, da 'yan acaɓan Kwatano masu rawayar riga da suke fitowa kamar fari.

Anti Malama: Ni kam ina bayan Auta, Kawu. Duk abin da ka lissafa na haƙuri ne, ba na hanawa ba. Tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan Najeriya na shiga ƙasashen nan ba biza har kwana 90. Fasfo da katin rigakafin cutar shawara ne abin riƙewa, sai ya canza sefa don Benin da Togo, sidi don Gana. Gaɓar Togo gaba ɗayanta wajen kilomita 56 ce, ka shiga da hantsi ka fita kafin magariba. Disamba kuma rani ne a can. Ace Yuni ya zaɓa da ni ma na ce a ɓoye keken.

Malam: Ni ba nisan ne ya dame ni ba, nisa ma rangwame yake jawowa, zai yi ƙasaru. Alwala kuma ga teku nan, hadisi ya tabbatar ruwanta mai tsarkakewa ne. Kalmar "ni kaɗai" ce ta tsaya mini a rai. A Bukhari, Manzon Allah (SAW) ya nuna da mutane sun san abin da ya sani game da kaɗaici, da matafiyi bai yi tafiyar dare shi ɗaya ba. Wata ruwayar ta ce uku su ne ayari. Ka nemi ko mutum biyu mana.

Auta: Allah gafarta Malam, da dare ba zan yi tafiya ba. Kuma na nema. Duk wanda na gaya wa sai ya tambaye ni nawa za a biya. Kakanninmu fa a ƙasa suke zuwa Gwanja sayen goro, wasu a ƙasa suka je Makka ta Sudan. Ni mai keke da waya a aljihu ne za a ce ba zan iya ba?

Kawu: Yawwa, ka kawo kanka. Wa ya ce maka su kaɗai suke tafiya? Ayari ne guda, da madugu, da jagaba a gaba, da jakuna. In rana ta faɗi ina suke sauka? Zango. Shi ne sunan da ya liƙe har yau: Kwatano akwai unguwar Zongo, Lome akwai, Akra ga Sabon Zongo ga Nima. Ka shiga masallaci ka yi sallama da Hausa, kafin isha'i an samo maka tabarma. Kuma bakin tekun da kake gani fayau a hoto yana da masu shi. Wata rana mota ta yi mini zafi bayan garin Wida na Benin, na gangara rairayi in sha iska, ba kowa. Na ɗan kishingiɗa ƙarƙashin kwakwa. Farkawar da zan yi sai ga mutane sun fi talatin a jere, maza da mata da yara, suna jan igiyar koma guda ɗaya suna waƙa, igiyar kuma daidai kan ƙafata za ta bi. Ba wanda ya yi mini faɗa, wani tsoho dai ya nuna mini da hannu in matsa. Na matsa wajen ruwa, igiyar ruwa ɗaya ta zo ta tafi da takalmina ƙafa ɗaya. Da silifa guda na ƙarasa Seme. To wannan da rana ke nan. Kai za ka zuge tanti a wurin mutane da dare, ba ka jin yarensu, ba ka gaida mai gari ba.

Auta: Zan nemi izini, Kawu, ba sata zan je yi ba. Amma in kowane dare Zongo zan kwana, in ci tuwo in yi hira da Hausa, to me ya raba ni da Tudun Wada? Ni tunda aka haife ni ruwan da na sani shi ne dam ɗin Shika da Kubanni. So nake in kwanta in ji ƙarar teku, ba wanda ya san sunana.

Anti Malama: Wannan dai ba wanda ya ba shi amsarta.

Yaya Babba: Ga amsa. Ya ɗauki tantin ya je gindin dutsen Kufena ya kwana ɗaya. In asuba ta same shi a can, ni zan saya masa tayoyi da kayan faci.

Kawu: A'a, kar ka tura mini yaro daji don gardama. Ni dai dare biyu na yarda da su a rairayi, inda masunta suka nuna masa da kansu. Sauran a cikin mutane.

Auta: Huɗu.

Malam: Ciniki kuke yi kamar a kasuwar Sabon Gari, maganar abokin tafiya kuma an tsallake ta.

Goggo: Ni tambaya ɗaya gare ni. Hajiya ta sani?

Auta: Ina jiran lokacin da ya dace, Goggo.

Yaya Babba: Hajiya fa tana zauren nan tun Ƙaramar Sallah. Kai ma ka sa ta.

Hajiya: Auta, zo ka kwashe wannan abin daga tsakar gida, kaji sun shiga ciki. In ka gama ka same ni a ɗaki.