Ƙanina ya ƙi littafi sai waya, da wane fim ko littafi zan fara masa?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina da ƙani ɗan shekara 14, yaro ne mai kaifin basira wallahi amma tunda waya ta shiga hannunsa shikenan, daga wannan gajeren bidiyo sai wancan har dare ya raba, in na miƙa masa littafi shafi biyu zai buɗe ya ce kansa na ciwo. Ni kuma bana so in ƙwace wayar a yi ta rigima, so nake in samo abin da zai ja shi da kansa. Ga hutu ya zo. Wane littafi ko fim kuka karanta ko kuka kalla wanda har yau yana ranku, kuma ya dace da shekarunsa? Ku haɗa min da dalili, kar a jero min sunaye kawai.

Wani malamin makaranta:
Wa alaikumus salam. Ranki ya daɗe, ki fara masa da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ɗan siriri ne, kuma dariya ce tun daga farko, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman kowa na ɗana wa ɗan uwansa tarko, wannan ya cuci wancan gobe wancan ya rama, duk garin da suka haɗu sai an yi wata sabuwa. Littafin ya fito 1934 bayan gasar rubutu da aka yi 1933, amma har yau in na karanta wa ɗalibaina sai sun roƙa a ƙara. In ya gama shi sai Magana Jari Ce, shi kuma amfaninsa labarai ne gajeru gajeru da aku ke ba ɗan sarki Musa don ya hana shi fita, kowanne ana gama shi a zama ɗaya. Yaron da ya saba da gajeren abu irin wannan ne zai iya riƙe shi.

Wani matashi:
Malam a yi haƙuri amma ni ban yarda ba fa. Mu da aka tilasta wa waɗannan littattafan saboda jarabawa mun san yadda muka ji, Hausar ciki akwai kalmomin da yaron yanzu bai taɓa ji ba, zai ajiye ne kawai. Anti ki fara da fim tukuna. Ki nemo masa The Boy Who Harnessed the Wind na 2019, labarin gaskiya ne na William Kamkwamba ɗan ƙasar Malawi, sa'ansa ne ma a lokacin, aka kore shi daga makaranta saboda babu kuɗin biya ana tsakiyar fari da yunwa, sai ya riƙa shiga laburare yana duba zanen da ke cikin littafin kimiyya, har ya haɗa injin da iska ke juyawa ya ba da lantarki da tarkacen bola da keken babansa. Wajen da yake roƙon baban ya ba shi keken a yanka, alhali shi kaɗai ya rage musu, wallahi sai da na tsayar da fim ɗin na ɗan huta. Kuma akwai littafinsa tun 2009, in fim ɗin ya shige shi da kansa zai tambaya.

Malamin ya dawo:
Ɗana, tilas ɗin ce ta ɓata maka su, ba littafin ba. Kalmar da bai sani ba ai riba ce, ya tambayi yayarsa. Amma na yarda da kai a haɗa da fim, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma an mayar da shi fim a 1976.

Wata uwa:
'Yar uwa ni abin da ya tsaya min a rai shi ne ciwon kan nan da kika ce yana yi. Wataƙila ƙiwa ce, amma ki lura da kyau ko karatun ne ke masa wuya. Ki kalli Taare Zameen Par ke kanki kafin ma shi, fim ɗin Indiya ne na Aamir Khan, 2007, a kan yaro ɗan shekara 8 da haruffa ke rikice masa yana juya su baibai, gida da makaranta kowa na ce masa malalaci har aka kai shi makarantar kwana, sai da wani malamin zane ya zauna ya duba littattafan aikinsa ya ga kuskuren iri ɗaya ne yake ta maimaituwa. Ki sa ƙanin naki ya karanta miki sakin layi ɗaya da ƙarfi ki saurara, in yana tsallake layi ko yana matse ido to a fara duba idonsa, ba laifinsa ba ne.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri Mama, wannan kam zan gwada yau ɗin nan. Hira da abokai a waya yana karantawa da sauri dai, amma zan saurare shi.

Wani ɗan uwa:
Ba wanda ya ambaci Lion of the Desert? Fim ɗin Umar Mukhtar na Libiya, malamin allo da ya shafe kusan shekara 20 yana yaƙar sojojin Italiya har suka rataye shi a 1931. Moustapha Akkad ne ya shirya shi, wanda ya yi The Message. Sai dai dogo ne kuma akwai kisa da sansanonin da aka tsare mutane, ki zauna tare da shi.

Wata 'yar uwa:
Duk sun yi, amma ni Children of Heaven zan ce, na ƙasar Iran, 1997. Ba faɗa ba rawa ba komai, Ali ne ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa Zahra, suka ɓoye wa iyayensu don sun san babu halin sayen wani, sai ita ta sa nasa ta je makaranta da safe ta dawo da gudu ta cire masa ya sa ya ruga tasa makarantar. Daga baya ya shiga gasar tsere yana addu'ar ya zo na uku, ba na ɗaya ba, saboda kyautar na uku takalmi ne. Ba zan faɗi ƙarshen ba. Da Farisanci suke magana, dole sai ya bi rubutun fassarar da ke ƙasa, kin ga karatu ya shigo bai sani ba. Kuma dan Allah in an gama kar ki tsare shi da "to me ka koya", ki bar shi ya fara magana, ke dai ki ajiye taki wayar ku kalla tare.