Gyaran kotu: ta ina gwamnati za ta fara?

Mai Bibiya: Jama'a, gwamnatin da ke son murƙushe cin hanci, da me za ta fara: korar alƙalai ko ƙarin albashi?

Tsohon Lauya: Da kasafi, ɗan'uwa. Muddin sai ministan kuɗi ya ga dama yake sakin kuɗin kotu, alƙali zai riƙa taka-tsantsan da gwamnati. Tsarin mulkin Kenya na 2010 ya tanadi asusu na musamman ga ɓangaren shari'a, aka kuma tantance alƙalan da ke kan aiki ɗaya bayan ɗaya.

Magatakarda: Ranka ya daɗe, ka tsallake rajista, wato ofishin kotu da ke karɓa da ajiye fayilolin ƙararraki, kuma nan ɓarnar take. Fayil ya "ɓace" ranar zama, a ɗage shari'a wata uku, shaida ya gaji ya daina zuwa. A ba kowace ƙara lamba a kwamfuta tun ranar shigarwa, kuɗin shigar da ƙara a biya ta banki, kwamfuta ta raba wa alƙalai ƙararraki ta hanyar ƙuri'a. Amma in mutum ɗaya ke riƙe da lambar sirrin manhajar, an koma gidan jiya.

Malama Mai Bincike: A ƙara da bayyana kadarorin alƙalai, kafin kama aiki da bayan sauka. Fom ɗin da ba a gwada shi da bayanan banki da rajistar filaye ba, takarda ce kawai.