Peugeot 504 tana mutuwa idan na taka birki

Ɗan Yelwa, Garwa:
Assalamu alaikum. Ina da 504 ƙirar 1978, gadon mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Wata biyu ke nan ralanti, wato aikin injin idan ba a taka totur ba, ya ƙi zama: ya hau, ya sauka, kamar mai haki. Da na taka birki a mahaɗar hanya sai ta mutu. Jiya kusa da gadar Binuwai 'yan mashin suka yi mini ca da oda. Idan na ɗan ja cok sai ta daidaita. Wani yaro a gareji ya murɗa sukurun kafireta, mutuwar ta ragu, amma yanzu salansa sai baƙin hayaƙi da warin ɗanyen fetur, har ido yana yaji. Ga bizit teknik, wato duba lafiyar mota na hukuma, ta matso. Na canza buji, jaka shida ta tafi a banza. Ina zan duba?

Baba Makanike, Marwa:
Wa alaikumus salam ɗana. Motarka iska take sha ta ɓarauniyar hanya. Iskar da ba ta bi ta kafireta ba tana sa mai ya yi kaɗan, shi ya sa cok ke taimakonka. Yaron nan bai toshe ɓarakar ba, mai ya ƙara mata don ya rufe ta. Hayaƙinka ke nan.

Fara da babban tiyon da ya taso daga manifol, wato bututun da ke kai iska da mai cikin injin, zuwa gangar birki, wato gangar da ke bayan feda mai ƙara wa birki ƙarfi. Injin yana ralanti, ka matse shi da filaya, ka sa tsumma kada ka yanke shi. In injin ya natsu, ciwon yana can gaba: ƙarshen tiyon ko robar cikin gangar. Sannan kashe mota, taka birki sau biyar, riƙe shi, ka tayar. Feda ya kamata ta ɗan nutse. In ta tsaya ƙyam kamar dutse, gangar ta gama aiki. Zafin Garwa ba ya barin roba ta tsufa da mutunci.

Abba Injamena:
Ni tawa gasket ɗin gindin kafireta ne. Na fesa ruwan wanke kafireta a wurin, nan take ƙarar injin ta canza. Amma a yi da injin da bai yi zafi ba, kuma nesa da masu sayar da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya! Ka zare siririn tiyon delko, mai raba wa buji wuta, ma ka tsotsa. In iska na wucewa ba tsayawa, robar cikin delkon ta huje.

Ɗan Yelwa, Garwa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Tiyon birkin ne, ya tsage ta ƙasa daidai kilif, inda ido ba ya kaiwa. Da na lanƙwasa shi sai ya buɗe baki. Na sa sabo, ta daina mutuwa, sai dai hayaƙin yana nan.

Baba Makanike, Marwa:
Zai kasance mana, sukurun yana inda yaron ya bar shi. Bari injin ya yi zafi, ka mayar da shi ciki kaɗan-kaɗan har injin ya fara tangaɗi, sai ka dawo da shi baya kamar rabin zagaye. Ka wanke bujin, sun yi gawayi. Filtar iska fa, yaushe rabonka da ita tun hunturu?