Wa ya taɓa sauraron A Time to Kill a kunne? Ku zo mu yi hira

Direban Dare: Salam jama'a. Jiya na ƙarasa sauraron littafin John Grisham ɗin nan na 1989, wanda baƙar fata Carl Lee Hailey ya bindige turawa biyu da suka yi wa 'yarsa mai shekara 10 fyaɗe, a cikin ginin kotu ma ya harbe su. Ya haura awa 16 amma a tafiya uku Kano zuwa Abuja na cinye shi. Abin da ya dame ni shi ne, na taɓa karanta shi a takarda tun ina makaranta kuma bai girgiza ni haka ba. A takarda in ka zo kan kalmar zagin nan da turawan kudancin Amurka ke kiran baƙaƙe da ita idonka tsallakewa yake, amma a iyafis ba tsallakewa, mutum ne yake faɗa maka ita cikin kunne, sau ba adadi. Wajen Tafa sai da na faka na sha ruwa wallahi. Akwai wanda ya ji irin haka ko ni ne dai?

Maman Biyu: Hmm Malam ai gara kai, kai kaɗai ne a mota. Ni a kicin na kunna a sifika ina yanka alayyahu, na ɗauka labarin lauyoyi ne kawai za a fara da kotu, ashe babin farko shi ne abin da aka yi wa yarinyar. Babbar 'yata tana bakin ƙofa tana wanke-wanke kuma tana jin turanci sarai, da gudu na je na kashe da jiƙaƙƙen hannu har wayar ta kusa faɗawa tukunya. Don Allah duk mai yara a gida ya sa iyafis. Sati biyu ban koma kansa ba.

Ɗalibin Lauya: Anti sannu, ni ma babin nan ƙara gudun karatun na yi zuwa 1.5 na wuce shi. Ni abin da ya riƙe ni zaɓen juri ne, mutum 12 ɗin nan da ake ɗebowa daga cikin gari su yanke ko mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Mu nan Najeriya ba mu da wannan, alƙali ne ke sauraro shi ke yankewa, shi ya sa da farko na kasa gane me ya sa Jake Brigance, lauyan Carl Lee, yake ta haƙilon a ɗauke shari'ar daga Clanton, garin da abin ya faru a jihar Mississippi, a kai wata ƙaramar hukuma. Lissafi ne kawai, inda baƙaƙe suka fi yawa a nan zai fi samun baƙi a cikin 12 ɗin. Alƙali ya ƙi, aka ƙare da juri turawa zalla. Kuma ba ƙirƙira ba ce, a 1986 kotun ƙolin Amurka ta hana cire mutum daga juri saboda launin fata a shari'ar Batson, amma duk da haka a Mississippi ɗin dai aka gurfanar da wani baƙar fata Curtis Flowers sau 6 kan tuhuma ɗaya, sai 2019 kotun ƙoli ta soke hukuncin saboda mai gabatar da ƙara yana ta zare baƙaƙe.

Direban Dare: Sau shida?? Inna lillahi.

Nas a Memfis: Ƙanina sau shida ƙwarai. Ni shekara ta bakwai ke nan a nan, daga inda nake zuwa iyakar Mississippi ba nisa, minti kaɗan ne a mota. A hanyar aikin dare na saurara, kuma abin da ya ba ni tsoro muryar da mai karatun yake yi wa mutanen garin, irin jan harshen nan na kudu, sak muryar tsofaffin da nake ba magani. Akwai wata tsohuwa baturiya da ta ce a canzo mata wata nas, ba ta faɗi dalili ba ni ma ban tambaya ba, na fita na hau mota na kunna sai ga 'yan Klan, ƙungiyar turawa masu ƙin baƙaƙe, suna ƙona gicciye a ƙofar gidan lauyan. Ranar kashewa na yi na sa karatun Alƙur'ani har gida. Amma fa ina da ƙorafi, littafin na lauyan ne ba na Carl Lee ba. Awa da awanni muna cikin ofishin Jake, bashinsa, giyarsa, gidansa da aka ƙone, ita kuwa yarinyar da uwarta da ƙyar ake jin su. A kunne wannan ya fi fitowa fili saboda kana lura da muryar wa ka fi ji.

Baba Mai Rediyo: 'Yata kin faɗi gaskiya. Ni turancin nasu ma wahala ya ba ni, sai da jikana ya rage min gudun zuwa 0.8. Mu da muka saba da karatun littattafan Hausa a rediyo mun san mai karatu shi ne rabin labari. Ni dai ban yarda da hukuncin da ya wanke Carl Lee ba. Mutumin nan da hankalinsa ya ɓuya ya jira su, har ɗan sanda ya rasa ƙafa a harbin, sannan a ce taɓin hankali? Uba ne, na fahimce shi, da ni ne ban san me zan yi ba, amma kowa a kotun ya san ƙarya ake.

Ɗalibin Lauya: Baba ai ƙofar da doka ta bari ke nan, ba wata. Kuma ku tuna 1955, turawan da suka kashe Emmett Till, baƙin yaro ɗan shekara 14, juri turawa zalla suka sake su cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, irin wannan ne Carl Lee yake tsoro lokacin da ya ɗauki bindiga. Af, wanda ya kalli fim ɗin 1996 kar ya jira jawabin "ku rufe ido" daga bakin Jake, a littafin wata mata ce cikin juri ta ce su ɗauka yarinyar baturiya ce.

Maman Biyu: Kai ɗan nan ka ɓata min, saura awa uku fa na gama!

Direban Dare: Haƙuri Hajiya. Akwai ci gabansa Sycamore Row na 2013, in data ta samu shi zan sauke kafin tafiyar Juma'a.